Jeremy Michael Boorda

Jeremy Michael Boorda (an haife shi ranar 26 ga watan Nuwamba, 1939, ya mutu ranar 16 ga watan Mayu, 1996), wanda aka fi sani da Mike Boorda, Admiral ne mai tauraro huɗu a rundunar sojan ruwan Amurka. Shi ne Babban Hafsan Sojan Ruwa na 25, ya riƙe muƙamin daga watan Afrilun 1994 har zuwa mutuwarsa. Shi ne mutum na farko a tarihin rundunar da ya fara aiki a matsayin kurtu ya kuma kai wannan kujera, wadda ita ce mafi girma a cikin rundunar. Ya kashe kansa yana da shekara 56, a ranar da 'yan jarida za su yi masa tambayoyi kan wasu ƙananan alamomi biyu na tagulla masu siffar harafin V, da ya taɓa maƙalawa a ƙyallayen lambobin yabonsa alhali takardun aikinsa ba su ba shi izinin haka ba.

Farkon rayuwa

An haifi Boorda a garin South Bend na jihar Indiana, cikin iyalin Yahudawa waɗanda kakanninsu suka yi ƙaura daga Yukren. Ya taso a Momence, wani ƙaramin gari a jihar Illinois, inda mahaifinsa yake da kantin sayar da tufafi. Bai gama sakandare ba. A shekarar 1956 ya bar makaranta ya shiga sojan ruwa, tun bai kai shekara 18 ba.

Sashen da aka tura shi shi ne na kula da takardun ma'aikata. Aikin akawu ne: shigar da ƙarin girma, hutu, canjin wurin aiki da lambobin yabo a fayil ɗin kowane soja. Ya yi kusan shekara shida a wannan layi har ya kai matakin farko na sana'ar. Wannan bayani yana da muhimmanci, domin bayan shekara 40 masu sukarsa sun kafa hujja da shi, suna ganin wanda ya fara da riƙon fayil bai kamata ƙa'idar lambobin yabo ta shige masa duhu ba.

Ya yi aure yana ɗan shekara 19. Ɗansu na fari ya zo da nakasa mai tsanani, kuma kula da shi na daga cikin dalilan da suka sa Boorda ya zauna a aikin soja, saboda asibitin da rundunar ke samar wa iyalan ma'aikatanta. Sun haifi 'ya'ya huɗu, biyu daga cikin mazan sun zama hafsoshin sojan ruwa.

Daga kurtu zuwa hafsa

A shekarar 1962 aka zaɓe shi cikin wani shiri da ke bai wa ƙananan sojoji masu ƙwazo damar zama hafsoshi. Ya yi horo a Newport, jihar Rhode Island, aka ba shi muƙamin hafsa a watan Agustan shekarar. Jirginsa na farko shi ne USS Porterfield. Daga nan ya zama hafsa mai kula da makamai a jirgin yaƙi na USS John R. Craig, wanda a 1965 ya yi aiki a gaɓar tekun Biyetnam, yana harba manyan bindigogi zuwa tudu don tallafa wa sojojin ƙasa. Bayan haka ya jagoranci USS Parrot, wani ƙaramin jirgin share nakiyoyin ruwa, ya kuma koyar a makarantar hafsoshin jiragen yaƙi da ke Newport. A 1971 ya sami digirin farko daga Jami'ar Rhode Island, shekara 15 bayan barinsa sakandare.

Daga 1971 zuwa 1973 ya zama mataimakin kwamandan jirgin USS Brooke, wanda shi ma ya yi aiki a ruwan Biyetnam. Waɗannan jirage biyu, Craig da Brooke, su ne tushen lambobin yabon da suka jawo ce-ce-ku-ce daga baya. Ya jagoranci USS Farragut daga 1975 zuwa 1977, sannan ayarin jiragen yaƙi na 22 a 1981. Tsakanin waɗannan ayyuka na teku ya yi ta komawa Washington, galibi a ofisoshin da suka shafi ma'aikata, har ya zama mataimaki na musamman ga Babban Hafsan Sojan Ruwa na lokacin, Admiral James Watkins. A watan Agustan 1988 aka naɗa shi Shugaban Sashen Ma'aikatan Sojan Ruwa baki ɗaya, da tauraro uku. Wato ofishin da ya yi wa akawu yana yaro, shi ya dawo yana shugabanta.

A ƙarshen 1991 ya sami tauraro na huɗu, aka tura shi birnin Naples na Italiya a matsayin kwamandan dakarun ƙungiyar tsaro ta NATO a kudancin Turai, kuma kwamandan sojan ruwan Amurka a Turai. Zamansa a can ya zo daidai da wargajewar Yugoslabiya. Shi ya kula da jigilar kayan agaji ta sama zuwa Bosniya da kuma hana jiragen yaƙi shawagi a sararin samaniyar ƙasar. Ranar 28 ga Fabrairun 1994, jiragen F-16 na Amurka da ke ƙarƙashin rundunarsa suka harbo jiragen Sabiyawa huɗu da suka keta dokar a kusa da Banja Luka. Wannan ne karon farko da NATO ta shiga faɗa tun kafa ta a 1949.

Babban Hafsan Sojan Ruwa

Ya karɓi ragamar rundunar daga Admiral Frank Kelso ranar 23 ga Afrilun 1994. Ya gaji gida a hargitse. Tun 1991 rundunar ke fama da abin kunyar taron Tailhook da aka yi a Las Vegas, inda aka zargi hafsoshi matuƙa jiragen sama da cin zarafin mata da dama, lamarin da ya ci kujerun manyan hafsoshi ya kuma tsayar da ƙarin girman wasu. Ga shi kuma Yaƙin Cacar Baka ya ƙare, ana rage jirage da ma'aikata.

Ƙananan sojoji sun so shi ƙwarai. Gajere ne, mai raha, yakan ziyarci jirage da sansanoni ya tsaya amsa tambayoyin kuratan da kansa, wani lokaci ya warware matsalar mutum nan take. Ya farfaɗo da shirin ɗaga kurtu zuwa hafsa irin wanda shi kansa ya ci moriya. Amma wannan salon bai yi wa wasu kwamandoji daɗi ba, suna ganin yana tsallake su yana yanke hukunci a kan mutanensu. Bai fito daga Kwalejin Sojan Ruwa ta Annapolis ba kamar magabatansa, kuma ba matuƙin jirgin sama ba ne, don haka matuƙan da Tailhook ta shafa ba su ɗauke shi nasu ba.

Abin da ya fi zubar masa da daraja a wurinsu shi ne batun Admiral Stanley Arthur, gogaggen matuƙi da ya yi shawagin yaƙi sama da 500 a Biyetnam. An zaɓi Arthur ya jagoranci dakarun Amurka a yankin Fasifik, sai wani sanata, David Durenberger, ya tsayar da tabbatar da shi saboda ƙorafin wata mace mai koyon tuƙin helikwafta da aka sallama daga horo. Maimakon a ja daga, aka janye sunan Arthur a 1994, kuma da yawa sun ɗora wa Boorda laifin rashin tsaya masa. A watan Afrilun 1996 tsohon Sakataren Sojan Ruwa James Webb ya yi jawabi a Annapolis yana sukar shugabannin rundunar da miƙa wuya ga 'yan siyasa, ɗaliban kwalejin suka miƙe suna tafa masa. A watan Mayu jaridar Navy Times ta buga wata wasiƙa marar sa hannu da ke neman Boorda ya yi murabus. Cikin wannan yanayi maganar lambobin yabo ta taso.

Yadda ake karanta ƙyallen lamba

Sojan Amurka ba ya yawo da lambobin yabonsa na ƙarfe kullum, sai a manyan bukukuwa. A sauran ranaku yana sa ƙyallensu ne kawai: ɗan yanki mai faɗin inci ɗaya da kashi uku cikin takwas, tsayinsa kashi uku cikin takwas na inci, ana jera su sahu-sahu a saman aljihun hagu. Kowace lamba da launinta. Ta yaƙin Biyetnam rawaya ce mai jan layi uku a tsakiya da kore a gefe. Jerin ma yana da ƙa'ida, mafi daraja a sama daga ɓangaren tsakiyar ƙirji, sauran su biyo baya. Wanda ya san tsarin zai dubi ƙirjin soja ya faɗi inda ya yi aiki da abin da aka yaba masa a kai, ba tare da an ce uffan ba.

A kan ƙyallen kuma akan maƙala ƙananan alamomi da ke ƙara bayani. A sojan ruwa, tauraron zinare na nufin an sake ba mutum lambar karo na biyu ko fiye. Harafin V na tagulla, wanda girmansa kashi ɗaya cikin huɗu na inci ne, yana nuna cewa lambar tana da alaƙa da fagen fama. Ana buƙatarsa ne saboda lamba guda ana iya bayar da ita don aikin ofis ko don aikin yaƙi, kuma ƙyallen iri ɗaya ne.

A nan ne ma'ana ta rabu biyu. V shi ne harafin farko na kalmar Turanci da ke nufin jarumta, kuma haka sojan ƙasa suka ɗauke shi tun da aka ƙirƙiro shi a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu: sai wanda ya nuna jarumta ta ƙashin kansa. Sojan ruwa kuwa, a wancan zamanin, sunan da suka ba alamar a hukumance bai ambaci jarumta ba, alamar bambance aikin yaƙi suke ce mata, kuma a zamanin Biyetnam tana iya nufin mutum ya shiga aikin yaƙi kai tsaye. Harafi ɗaya, ƙarfe ɗaya, amma a wancan lokacin abin da yake faɗa ya danganta da kakin da aka maƙala shi a kai. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi muhawara kan Boorda a 1996 ba abu ɗaya suke nufi da V ɗin ba. Sai dai duk da sassaucin ma'anar a sojan ruwa, akwai sharaɗi guda da ba ya canzawa: dole takardar yabon da ta zo da lambar ta faɗi ƙarara cewa an ba da izinin sa alamar. Idan wannan jimla ba ta cikin takardar, ba a sa ta, ko da jirgin mutum ya sha wuta.

Binciken takardunsa

Lambobin biyu da ake magana ba manya ba ne. Ta farko ita ce Lambar Ƙwazo ta Sojan Ruwa, mai koren ƙyalle da layin ruwan lemo kusa da kowane gefe, wadda ya samu kan aikinsa a jirgin Craig a 1965. A lokacin ma ba wannan sunan take da shi ba, a 1967 aka sauya mata suna. Ta biyu ita ce Lambar Yabawa ta Sojan Ruwa, mai koren ƙyalle da fararen layuka, kan aikinsa a jirgin Brooke. Babu wanda ya yi jayayya cewa lambobin nasa ne. Yana da waɗanda suka fi su daraja nesa ba kusa ba, a sahun da ke samansu. Rigimar kan haruffan V biyu ce kawai.

Wanda ya fara bin diddigin shi ne Roger Charles, tsohon Laftanar-Kanal na sojan kundunbala na ruwa, wanda ke aiki da wata ƙaramar kafar labaran tsaro mai suna National Security News Service a Washington. Hanyar da ya bi ita ce wadda masu irin wannan bincike ke bi har yau. Ya tara hotunan Boorda na shekaru daban-daban ya karanta ƙyallayen da ke ƙirjinsa, ya ga V a hotunan shekarun 1980 da farkon shekarun 1990. Sannan ya nemi takardun yabon ta hanyar Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 1966, wadda ke ba kowa damar ganin wani sashe na fayil ɗin soja, kamar wuraren da ya yi aiki da lambobin da aka ba shi. Da ya gwada hoto da takarda, sai ya ga takardun biyu sun ambaci ayyukan yaƙi da jiragen suka yi, amma babu wadda ta ƙunshi jimlar izinin sa V.

Neman takardun ya sa ma'aikatan rundunar suka duba fayil ɗin da kansu, suka sanar da Boorda. A 1995, kusan shekara guda kafin mutuwarsa, ya cire alamomin biyu bai sake sa su ba. Abin lura shi ne, duk da shekaru ukun da ya yi yana shugabantar sashen ma'aikata, takardun suna nan yadda aka rubuta su tun farko, ba a ƙara musu ko harafi ba. Wannan ya fi kama da halin wanda ya ɗauka yana da haƙƙin sa alamar fiye da na mai shirya yaudara, ko da yake bai wanke shi daga sakacin rashin karanta takardarsa ba.

Charles ya kai labarin ga David Hackworth, tsohon Kanal na sojan ƙasa da ya yi suna a yaƙin Koriya da na Biyetnam, wanda a lokacin yake yi wa mujallar Newsweek rubutu kan harkokin tsaro. Mujallar ta nemi ganawa da Boorda.

Mutuwa

An tsara ganawar da ƙarfe 2:30 na rana ranar 16 ga Mayun 1996, da ma'aikatan Newsweek biyu, Evan Thomas da John Barry. Da tsakar rana kakakin rundunar, Riya Admiral Kendell Pease, ya shaida wa Boorda abin da za a tambaye shi. Boorda ya bar ofis ya tafi gidansa na gwamnati, Tingey House, da ke cikin sansanin sojan ruwa na Washington, inda ya harbe kansa. Ya bar wasiƙa biyu, ɗaya ga matarsa, ɗaya ga sojojin rundunar. Rahotanni sun nuna cewa a ta biyun ya bayyana sa alamomin a matsayin kuskuren da bai yi da gangan ba, ya kuma nuna fargabar kada lamarin ya ƙara ɓata sunan rundunar. A lokacin Newsweek ba ta riga ta buga komai kan batun ba.

An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Shugaba Bill Clinton ya yi jawabi a taron addu'ar da aka yi masa a babban cocin ƙasa na Washington. Admiral Jay Johnson, matuƙin jirgin sama, shi ya gaje shi. Waɗanda suka yi rubutu kan rayuwarsa daga baya sun fi karkata ga cewa batun V ya zo ne a kan tarin matsin da ya riga ya yi masa yawa, ba shi kaɗai ne sanadi ba.

Hukuncin ƙarshe kan alamomin

Mutuwarsa ba ta rufe maganar ba. Admiral Elmo Zumwalt, wanda ya jagoranci sojan ruwan Amurka a Biyetnam daga 1968 zuwa 1970 kafin ya zama Babban Hafsan Sojan Ruwa har 1974, ya fito ya kare shi. Ya ce a zamaninsa ya sha gaya wa ma'aikatan jiragen da suka yi aiki a yankin yaƙi cewa sun cancanci sa alamar, don haka Boorda bai yi laifi ba. A 1998 Sakataren Sojan Ruwa John Dalton ya sa wasiƙar Zumwalt a fayil ɗin Boorda tare da tasa takardar da ke goyon bayan wannan fahimta. Jaridu da yawa sun ɗauki hakan a matsayin wanke shi.

Amma sa takarda a fayil daban, gyara takardar yabo daban. Hukumar da ke da ikon gyaran ita ce Hukumar Gyara Bayanan Sojan Ruwa, ta fararen hula. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya shigar da buƙata gabanta, kuma a 1999 ta yanke cewa Boorda ba shi da izinin sa alamomin biyu. Ta tsaya kan abin da ke rubuce: umarnin baki, ko daga bakin wa ya fito, ba ya maye gurbin jimlar da ƙa'ida ta ce a rubuta a takardar yabo. Har yanzu jerin lambobinsa na hukuma ba ya ɗauke da V.

Shi ma Hackworth bai tsira daga irin wannan bincike ba. A 1997 gidajen talabijin na CNN da CBS suka ba da rahoton cewa cikin jerin lambobin da yake dangantawa da kansa akwai alamar zaratan sojoji ta Ranger da kuma lambar jarumtar shawagi ta biyu, waɗanda bai cancanta ba. Ya danganta hakan da kuskuren masu rubuta fayil a rundunar sojan ƙasa, ya kuma cire su daga jerin.

Saɓanin ma'anar V tsakanin rundunonin ya ci gaba har shekara 20 bayan mutuwar Boorda. A 2016, bayan wani nazari kan tsarin lambobin yabo baki ɗaya, Ma'aikatar Tsaron Amurka ta taƙaita harafin ga jarumta kawai a dukkan rundunoni. Ta kuma ƙirƙiro wasu haruffa biyu: C ga wanda ya yi aikin yabo cikin haɗarin fagen fama, da R ga wanda ya taka rawa a faɗa daga nesa, kamar masu sarrafa jirage marasa matuƙi. Sabon tsarin bai shafi lambobin da aka bayar kafin 2016 ba.